Dan Allah a bar 'yan jarabawa su yi bacci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu ina ba da haƙuri don na san maganar tawa za ta ɗan ja, abu ne da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya ga shi kuma lokacin ya sake zagayowa, JAMB a gaba, WAEC na biye da ita, NECO kuma na jira a bakin ƙofa.

Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan Katsina, bana shekarata 17 ina riƙe da alli. Kuma uwa ce ni, biyu cikin 'ya'yana sun riga sun haye wannan siraɗin, ta ukun ce take SS3 yanzu. To abin da zan faɗa na gan shi a ɗakin jarabawa, na kuma gan shi a tsakar gidana.

Bara ranar da ake Lissafin WAEC ina cikin masu tsaron jarabawa. Akwai wata yarinya da duk malamai mun san ta, irin yaran nan ne da in aka yi tambaya a aji kowa sai ya juya ya kalle ta. Ba a yi minti arba'in da fara rubutu ba na hango kanta yana rinjaya, yana rinjaya, har ya kwanta a kan takardar amsa. Da na matso sai na ga biron na nan a hannunta, ya ja wani dogon layi a karkace tun daga tsakiyar lissafin da take yi har ƙasan shafin. Na ƙwanƙwasa bencin a hankali ta zabura, idanun nan jajur kamar gauta, ta kalle ni ta kalli takardar kamar ba ta san inda take ba. Na sa aka miƙo mata fiya wata ta shafa a fuska ta ci gaba, amma ni da nake tsaye na san an riga an yi ɓarna, tambaya ɗaya ta tasa a gaba tana ta juya biro har aka ce saura minti goma. Da aka fito ta same ni a gindin darbejiya tana kuka tana cewa Malama wallahi na sani, duk na sani, kaina ne ya toshe. Ashe kwana uku rabonta da baccin kirki. Ƙafa take tsomawa a bokitin ruwan sanyi, ga Nescafe na 'yar leda tana lasa haka nan gayansa ba ruwa ba suga, wai ƙawayenta sun ce ya fi aiki. Da sakamako ya fito ta ci sauran darussan amma Lissafi babu kiredit, kuma kowa ya san in babu kiredit a Lissafi da Turanci, a yawancin kwasa-kwasai ko A nawa ka tara jami'a ba za ta kalle ka ba. Allah Ya sa ta yi rajistar NECO, ita ta fitar da ita.

Daga baya mahaifiyarta ta zo makaranta, baiwar Allah, tace min Malama yarinyar nan fa ba ta bacci, wallahi kwana take tana karatu ni shaida ce, anya ba hannu aka sa mata ba? Na rasa ta inda zan fara gaya mata cewa amsar tana cikin maganar da ta faɗa da bakinta.

Kuma ban isa in ga laifinta ba don ni ma na yi. Lokacin da babban ɗana zai zana tasa ni da kaina nake dafa masa shayi mai kauri in zuba a filas ƙarfe goma na dare, in na farka ƙarfe biyu na hango hasken tocila ta ƙasan ƙofarsa sai in ji daɗi ya kama ni, da safe in maƙwabta sun shigo in ce ai yaron nan ba ya runtsawa. Yaron ya rame, ya zama mai saurin fushi, abin da ya karanta jiya ka tambaye shi yau sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ni kuma ina cewa zafin jarabawa ne. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, don ni ce mai koyar da yadda jikin ɗan Adam yake aiki amma ban kawo ilimin cikin gidana ba. Mu iyaye mu ne muke yabon kwana zaune. Yaron da ya kwanta ƙarfe tara da rabi mu ce masa malalaci, wanda ya kai asuba ido biyu mu sa masa albarka a gaban ƙannensa, to wanne kake so su zaɓa?

Bari in yi bayanin yadda nake yi wa ɗalibaina a aji. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin, a rubuta maka, ka biya ka biya har ya zauna a ka, sannan a wanke allon a rubuta sabo. In karatun bai zauna ba ba a wankewa, in ba a wanke ba kuma babu inda za a rubuta na gaba. To a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana ke kira hifokamfas, shi ne kamar allon, duk abin da yaro ya karanta da rana nan yake fara sauka. Sai ya yi bacci, musamman bacci mai nauyin nan na farkon dare, sannan ƙwaƙwalwa take bin abin tana maimaitawa tana kwashe shi zuwa inda zai zauna ya daɗe. Yaron da ya hana kansa bacci rubutu yake ta yi a kan rubutu a allo ɗaya, gari na wayewa ya duba ya ga baƙi ƙirin ba abin da ke karantuwa. Wannan ba sabuwar magana ba ce, tun 1924 wasu masana biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka ba ɗalibai haddar wasu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, wani lokaci su kwanta bayan haddar wani lokaci su ci gaba da harkokinsu, kuma aka ga in sun yi bacci sun fi tunawa nesa ba kusa ba. A 2019 ma a jami'ar MIT ta Amurka an ɗaura wa ɗalibai 100 agogon hannu mai auna bacci tsawon zangon karatu guda, waɗanda suke samun isasshen bacci kuma a kan lokaci ɗaya kullum su suka fi cin maki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken nan shi ne baccin daren jarabawa shi kaɗai bai canza komai ba, baccin satin da na watan da ya gabata shi ne ya yi tasiri. Ashe dai gaskiyar Bahaushe ne, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan ya hau kan karatun ya hau kan baccin.

Sannan a duba irin jarabawar da yaran nan suke shiga. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, in ka raba daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya, ka karanta ka gane ka zaɓa ka danna. Lissafin WAEC kuwa in ka haɗa takardun biyu awa huɗu ne yaro yana zaune yana tunani. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, natsuwarsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wa zai yarda ɗansa ya shiga ɗakin jarabawa cikin maye? Amma muna tura su a wannan halin muna bin su da Allah Ya ba da sa'a.

Ƙungiyar likitocin bacci ta Amurka ta fitar da shawara a 2016 cewa yaro ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar bacci awa 8 zuwa 10 a kwana ɗaya. To mu zo mu yi lissafin a namu gidajen. A watan Mayu nan Katsina kafin ƙarfe biyar an kira assalatu, ke nan wanda yake son awa takwas sai ya kwanta ƙarfe tara. Wane ɗan SS3 ne yake kwanciya ƙarfe tara? Bakwai da rabi yana asambuli, a tashi ƙarfe biyu, a ce akwai lesin har huɗu ko biyar, daga nan wani ya wuce Islamiyya, ya dawo magariba, a aike shi nan a aike shi can, a yi isha'i wajen takwas a ci tuwo, sai a lokacin zai buɗe littafi da gajiyar yini guda a kansa. Ga kuma wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba, da yaro ya balaga agogon jikinsa yakan ja baya, sinadarin melatonin da ke sa mutum jin bacci yakan makara kafin ya fito, wani sa'in har kusan awa biyu, shi ya sa za ki ga ƙaramin ƙarfe takwas ya ɓingire amma saurayin ko budurwar sha ɗaya ta yi ido ƙyar, da asuba kuma sai an yi kamar za a yi dambe kafin su tashi. Ba duka ne taurin kai ba, halitta ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka har doka suka yi, daga 2022 manyan sakandare ba sa fara darasi kafin takwas da rabi saboda wannan dalilin.

Mu ba za mu matsar da asuba ba, ba ma so ma. Amma muna da abin da su ba su da shi. Muna da sanyin bayan sallar asuba, lokacin da gari ya yi tsit kai ya huta, lokacin da alarammomi suka zaɓa wa hadda tun kaka da kakanni, kuma muna da ƙailula. Abin da na tsara wa 'yata ke nan, kuma shi nake gaya wa duk uwar da ta tambaye ni: goma saura a rufe littafi ko an gama ko ba a gama ba, a tashi da asuba a yi sallah a zauna karatu har shida da rabi, abin da ya fi wuya shi za a sa a wannan lokacin, in an dawo makaranta an ci abinci a kwanta minti talatin ko arba'in kafin la'asar. Kar a bari ƙailular ta zarce ta zama awa uku, kuma kar a kai ta yamma liƙis, in ba haka ba dare zai yi ido ya bushe. Ranar Asabar da Lahadi ma lokacin kwanciya ɗaya ne. Wallahi awa ɗaya da rabin nan ta safe ta fi awa huɗun da ake yi ana gyangyaɗi ana bin layi ɗaya sau biyar. Kuma a 'yan shekarun nan da azumi yake faɗowa daf da JAMB sai an sa ido sosai, yara sun saba da raba dare da baccin hantsi, in ba a fara gyarawa tun satin sallah ba haka za su shiga jarabawa dare ya zama rana.

Addininmu ma ai bai bar mu a duhu ba. Allah Ya ce Ya sanya baccinmu hutu Ya sanya dare sutura, yaran nan duk sun haddace a Suratun Naba'i tun suna ƙanana. Ya tabbata Annabi (SAW) ba ya son bacci kafin isha'i da hira bayanta. Kuma ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana sallah ya je ya kwanta har baccin ya sake shi, don kar ya je neman gafara ya ɓige da zagin kansa bai sani ba. To in a sallah an ce mai gyangyaɗi bai san abin da yake faɗa ba, ina ga mai Kimistiri ƙarfe uku na dare?

Sai waya. Edita wannan ita ce babbar fitinar, kuma kamfanonin waya da datarsu ta dare mai araha sun ƙara wa wutar fetur, yaro ya tara 'yan canjinsa ya jira sha biyu ta buga. Za a ce miki Mama tsofaffin tambayoyi nake dubawa, kuma da gaske da su aka fara, amma minti goma an faɗa TikTok, daga nan WhatsApp ana ta tsorata juna wai an ce bana Fiziks ba sauƙi. Mafi muni su ne guruf ɗin nan na masu cewa za su turo tambayoyin gobe, yaro ya tura musu kuɗi ya zauna zaman jira har uku har huɗu, a ƙarshe a turo masa na wata shekara ko a rufe guruf ɗin gaba ɗaya, ya yi asarar kuɗi ya yi asarar bacci ga zunubin satar amsa da ya ƙulla a zuciya. Hasken wayar a ido yana ƙara jinkirta baccin, abin da ake kallo kuma yana tayar da hankali. Ni dai a gidana tara da rabi kowace waya tana ɗakina a cikin wata tsohuwar samira, har tawa har ta babansu, don na lura in kika ƙwace ta yaro ke kina kwance kina latsa taki to wa'azin bai shiga ba. Satin farko an sha kumbure-kumbure da buga ƙofa, ban kula ba. Tsofaffin tambayoyin na saya mata na takarda, alam kuma ni ce alam ɗin.

Amma fa kar a ɗora wa yaran laifin duka, gidajenmu ma ba sa barin mutum ya yi bacci. NEPA ta kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare gida ya tashi kamar safiya, a kunna talabijin, a jona guga, wa za a tasa ya goge kayan makarantar ƙanne? 'Yar SS3. Famfo ya kawo ruwa ƙarfe biyu, wa za a tasa tarar ruwa? Ita dai. Ita ce wanke-wanken dare ita ce sharar safe ita ce dama koko, in jaririn gidan ya yi kuka a miƙa mata. Na sha tambayar 'yan matan ajina ƙarfe nawa kuke kwanciya, sai ka ji mai cewa sha biyu mai cewa ɗaya, kuma ba duka karatu ne ya kai su ba, aiki ne ya cinye farkon daren sai abin da ya rage suke ba littafi. 'Yan uwana mata dan girman Allah wata biyu ne kacal, a raba aikin nan, 'yan mazan gidan ma hannu gare su, ba abin da zai same su in sun ɗauki bokiti. Iyaye maza kuma ga naku, wasannin ƙarshe-ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Afrilu da Mayu suke faɗowa, a take wasa ƙarfe takwas a tashi goma, sannan a tsaya musu a bakin gidan kallo har sha ɗaya da rabi, ɗanka yana ciki kuma gobe yana da takarda. Ka san jadawalin jarabawarsa kuwa? Ka karɓa ka manna a bangon ɗakinka. Masu biki da DJ har tsakar dare da masu janareto a gindin tagar maƙwabta su ma a ji tsoron Allah, a unguwar nan akwai yaran da shekara shida suke jiran wannan watan.

Ga zafi. Wanda bai kwana a Katsina ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba ba zai gane ba, rana ta wuce digiri 40, ɗakin kwano ya riƙe zafin har tsakar dare kamar tanda, kuma jiki sai ya ɗan huce kafin bacci ya ɗauke mutum. Dabarun iyayenmu har yanzu suna aiki, a yi wanka kafin a kwanta, a yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, a fito da tabarma ko katifa waje, amma a ɗaura gidan sauro, don da ruwan farko ya sauka sauro ya dawo, kuma ba abin da ya kai zazzaɓin cizon sauro a satin jarabawa ciwo. In ɗaki ɗaya ne yara biyar, a lallaɓa a kwantar da ƙananan da wuri a kashe fitila.

Maganar abin da suke sha kuma tana ba ni tsoro ƙwarai. Kofi da shayi mai kauri da goro da lemukan nan na ƙara kuzari da ake sayarwa a kowane shago duk sinadarin kafeyin ne a ciki, kuma shi ba ya cire gajiya, rufe ta yake yi kawai, gajiyar na nan tana taruwa. Yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ya sha gwangwani ɗaya ƙarfe tara na dare to ƙarfe biyu rabi na nan yana yawo a jininsa, ya kwanta zuciya na bugawa hannu na rawa baccin ya ƙi zuwa, da safe ya ƙara wani don ya iya tashi. Likitocin yara a Amurka tun 2011 suka ce lemukan nan ba na yara da matasa ba ne. Daga nan ne wani zai ce akwai wata ƙwaya a kemis mai hana bacci, wani ya kawo tiramol, in an gama kuma bacci ya ƙi zuwa a nemo mai sa bacci. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasan Arewa har sai da gwamnati ta hana shi a 2018, kuma da yawa da ɗan gwaji irin wannan suka fara. Masu kemis ku ma iyaye ne, yaro ɗan shekara 16 ya zo neman maganin hana bacci ai kun san ba ciwo ne ya kawo shi ba. Iyayen masu farfaɗiya kuma ku ninka sa ido, rashin bacci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, haka masu sikila, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki cikin zafin nan suna iya kwantar da su ana tsaka da jarabawa.

Akwai kuma yaron da ya kwanta da wuri amma tsoro ya hana shi bacci, yana ta juyi. Sau da yawa bakinmu ne ya jawo. Ka san bashi na ci na biya maka kuɗin WAEC, in ka faɗi kar ka dawo min gida, dubi 'yar gidan wane ta ci tara ras. Na san zafin neman kuɗin rajista, ni ma albashi nake jira, amma maganar nan da ita yaro yake kwana a ƙirji. In kin ga ya kasa bacci kar ki yi masa faɗa, ki ce ya tashi ya yi alwala, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da yake tsoron mantawa da abin da zai duba da asuba ya ajiye, ya yi addu'o'in kwanciya ya koma, kar ya riƙa duba agogo. Ki gaya masa dare ɗaya da bai yi bacci sosai ba ba zai rusa shi ba tunda ya samu na sauran kwanakin, wannan maganar kaɗai takan sa ya saki jiki. Amma in abin ya ɗauki makonni, ba ci ba bacci sai kuka, ko ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, to wannan ya wuce zafin jarabawa, a kai shi asibiti kar a tsaya jira.

Na san akwai waɗanda za su karanta su ce Malama kina magana ne kamar kowa yana da rana. Gaskiya ne. Ina da ɗalibai masu zuwa gareji da masu tsaron shago da masu talla bayan an tashi, dare shi ne kaɗai nasu. Su ba zan ce musu awa tara ba don na san ba za ta samu ba, amma ko su ina roƙonsu su tsayar da lokaci ɗaya na kwanciya kar ya wuce sha ɗaya, su koma wa asuba. Iyayen gidansu kuma, mai gareji da mai shago, a sallame su da la'asar na wata biyun nan, sadaka ce mai gudana wallahi.

Mu malamai da shugabannin makarantu ma da namu. Lesin har magariba ana saura sati biyu jarabawa ba ya ƙara komai sai gajiya, gara a sallami yara su je su huta su yi bita da kansu. A makarantun kwana kowa ya san bayan an kashe fitila akwai masu komawa aji da tocila har asuba, kuma ana gani ana kawar da kai wai ƙoƙari ne. Hukumomin jarabawa su ma a duba, a 2025 iyaye sun yi ta kuka kan cewa yara su hallara cibiyar JAMB ƙarfe shida da rabi na safe, wanda aka tura wani gari ƙarfe nawa zai tashi? Kuma duk mun ga hotunan ranar 28 ga Mayu 2025 da takardar Turanci ta WAEC ta makara, yara a jihohi da dama suna rubutu da tocila da hasken waya cikin dare. Hukumar ta ba da haƙuri, muna fata kar a sake.

Roƙona gare ka Edita, ku samo likita ya yi wa iyaye bayanin nan da Hausa a jaridarku kafin a fara WAEC, don maganar likita ta fi tawa nauyi, limamanmu ma in da hali su taɓo shi ko a ƙarshen huɗuba ne. Yanzu haka da nake rubuta wannan tawa 'yar tana kwance a tabarma a inuwar baranda tana ƙailula, saura minti goma in tashe ta ta yi la'asar, yau zagayawar jini za mu bita tare. A sa ta a addu'a ita da sauran 'yan uwanta masu zana jarabawa bana.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar sakandare,
daga Katsina.